Ƙidayar Magariba

Sha ɗaya ta ƙyanƙyashe ranar Laraba,
Fingi, kazata mai birkitaccen gashi,
a bayan randa, cikin tsohuwar kwalla.
Na ce mata barka. Ta dube ni da ido guda,
ɗayan yana sama, yana neman shirwa.

Mu nan Gwammaja samanmu ba ta rabo da baƙi.
Daga kwata suke tasowa in rana ta take,
su yi ta shawagi bisa Dala kamar masu bin bashi.
Ba kuka ke sanar da kai ba, sai inuwa.

Ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa
ta gifta a kan faifaina.
Kafin in ce wayyo, kafin in cire takalmi,
ɗan kuka siriri yana hawa, yana hawa,
har ya shige bayan benen Alhaji Mamuda.
Saura goma. Fingi ta yini kira, ba amsawa.

Sagiru jikana ya zazzage kaset ɗin marigayi,
waɗanda ɓera ya gama da kwalinsu.
Muka ja zaren daga zaure zuwa indararo,
daga darbejiya zuwa ƙusar madafa,
muka rataya fayafayan sidi suna walƙiya.
Tsakar gida ta koma shagon mai gyaran rediyo,
maƙwabta na leƙe ta katanga suna darawa.

Na aika Kurmi aka sayo mini galura,
na tsoma su ɗaya-ɗaya, ja da shuɗi,
wai ta sama ba ta gane tuwonta in ya sake riga.
Uwar ma sai da ta ja da baya,
ta ji muryarsu, sannan ta yarda da rungumewa.

Na tsare sama, na manta ƙasa.
Muzuru ya biyo soro da tsakar dare: biyu.
Gafiya ta ɓullo ta magudana: ɗaya.
Na toshe ramin da fasasshiyar kwalba,
na ɗora akurki bisa bulo huɗu,
na lulluɓe shi da gidan sauron da na yi jego a ciki.
Sanda a dama, tocila a hagu,
ido a rufe, kunne na saurarawa.

Malam Ɗanliti ya ce, "Iya Tabawa,
ki kulle su mana kamar na gidan gona."
Na ce kazar da ba ta san tono ba,
ba ta ci gara ba, ba ta yi wankan ƙasa ba,
wannan auduga ce aka sa wa ƙafa.
Gara in zauna da muciya ina gadi
da in ba su rai wanda babu kewayawa.

Ta bakwai ba shirwa ba ce ta ci ta.
A Daidaita Sahu ce, a bakin lungu,
kuma bai ma san ya yi ba.

Rannan Sagiru ya nuna mini ƙarfen sabis.
Can ƙoli akwai tarin kirare,
da bakuna biyu a buɗe suna jira.
Na daɗe ina kallo. Ban yafe ba,
amma na daina tsinewa.

Yau da asuba, kafin ladan ya gama,
wata murya ta fashe a bayan randa,
rabi cara, rabi tari,
da sauran shuɗi a gefen fiffike.
An yi muzuru, an yi shaho, ga shi ya yi.

Na watsa masa tsaki, na ƙirga: shida.
Kuɗin jarrabawar Sagiru saura wata biyu,
mai sayen kaji ya san hanyar gidan nan.
Fingi ta dube ni da ido guda,
irin kallon da take wa shirwa.